Yadda za ka gane bishiyar al'ul ta gaskiya, da masu kama da ita a lambunan Accra

Idan ka taɓa duban tutar ƙasar Labanon da kyau, to ka ga bishiyar da ake magana a kai: koriya shar a tsakiyar fari, rassanta a baje hawa-hawa. Ita ce al'ul, Larabawa su ce arz, masu sayar da dashe a bakin titunan Accra kuma su ce sida. Ba ta kaɗe ganye rani da damina, katakonta na da ƙamshi, tana kuma yin ɗaruruwan shekaru a tsaye. Shi ya sa masu lambu a ƙasashen sanyi suke ji da ita.

A nan garinmu kuwa, itatuwa biyar ko shida ne ke amsa wannan suna ɗaya. Alhaji ya gama gini a Adenta ko Kasoa, yana son itacen ado a ƙofar gida, sai ya tsaya wurin masu furanni, a nuna masa wani ɗan tsiro mai tsini a baƙar leda a ce ai sida ce. Kafinta a kasuwar katako shi ma da tasa sidar, wadda ko dangi ba su haɗa da waccan ba. Ga kuma yaranmu na Landan da Hamburg, su turo hoto ta WhatsApp suna tsaye gindin wata ƙatuwar bishiya a wurin shaƙatawa, a wuni ana gardama a unguwar Nima kan ko wace iri ce. Kama da wane ba ta wane. Abu biyu ne ke raba wannan gardama, ganye da kwanson iri, kuma wanda ya iya duba su ya daina dogaro da bakin mai sayarwa.

Ka fara sanin asalinta

Al'ul ta gaskiya, wadda masana tsirrai suka sa a jinsin Cedrus, 'yar tsaunuka ce. Akwai ta Labanon, Cedrus libani, da ke fitowa a Labanon da Siriya da tsaunukan Taurus na Turkiyya, inda dazuzzukanta mafi girma suke a yau. Akwai ta Atlas, Cedrus atlantica, a duwatsun Maroko da Aljeriya, wadda ita ce kaɗai 'yar Afirka a cikinsu. Akwai ta Himalaya, Cedrus deodara, daga gabashin Afganistan zuwa arewacin Pakistan da Indiya da yammacin Nepal. Sai ta tsibirin Kubrus, Cedrus brevifolia, wadda wasu masana ke ƙirgawa a matsayin reshen ta Labanon.

Na kusa da tekun Bahar Rum suna rayuwa ne a tsayin mita 1,000 zuwa 2,200, ta Himalaya kuma daga 1,500 har 3,200, wuraren da dusar ƙanƙara ke sauka. A duk faɗin Ghana babu dutsen da ya kai mita 1,000. Accra a bakin teku take, zafi da gumi shekara cur. Aburi ma da muke gudu can shan iska ba ta kai mita 500 ba. Saboda haka idan aka nuna maka itace a nan aka ce al'ul ce, ka fara da shakka, sannan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara, farar takarda, da rula ko tsinken ashana, wanda tsawonsa ke tsakanin santimita 4 da 5. Idan lambun na wani ne ko na hukuma, ka nemi mai kula da shi tukuna. "Baba, sannu da aiki, ko zan iya duba ganyen itacen can?" Sau da yawa ma shi zai gaya maka shekarar da aka dasa shi da kuma ko ya taɓa yin 'ya'ya, kuma wannan labarin na da amfani a gaba.

Mataki na farko: tsaya daga nesa

Ja da baya kamar taku ashirin ka dubi itacen daga gindi zuwa tsororuwa. Al'ul tana ƙarama tana da faɗi a ƙasa da tsini a sama. Idan ta tsufa sai manyan rassanta su miƙe nesa da jiki, kowane hawa da sarari tsakaninsa da na samansa.

Kada ka yanke hukunci a nan, domin siffa ce ta fi yaudarar mutane. Doguwar siririyar bishiyar nan da ake jerawa jikin katangun gidaje a Cantonments da East Legon, mai rassa manne da jiki, daga nesa tana da tsini, amma Polyalthia longifolia ce daga Indiya da Sri Lanka, dangin gwandar daji. Kana matsawa za ka ga ganyenta dogo ne mai faɗi, gefensa a lanƙwashe. Ta fita daga lissafi.

Mataki na biyu: riƙe reshe ka dubi ganye

Nan ne ainihin aikin, kuma nan nake so ka ɓata lokaci. Jawo reshen da hannunka zai kai, a hankali, ba tare da ka karya shi ba, ka sa farar takardar a bayansa don komai ya fito fili.

Tambaya ta farko: ganyen na da faɗi? Idan yana da faɗi ko kaɗan, da jijiya a tsakiya, ba al'ul ba ce. Ganyen al'ul siriri ne mai tsini, ana ce masa allura.

Idan siriri ne, kama ɗaya da yatsu biyu ka ja. Ya tsinke a gaɓa, ka kuma lura duk tsawonsa gaɓa-gaɓa ne? To Casuarina ce ka riƙe, wadda ake yawan dasawa a yashin bakin teku, mai yin fito idan iska ta ratsa ta. Abin da ka ɗauka allura ƙaramin reshe ne kore. Ganyenta na gaske wasu ƙananan haƙora ne, shida zuwa takwas, zagaye da kowace gaɓa, sai ka ƙura ido za ka gan su. Asalinta kudu maso gabashin Asiya da Ostareliya, kuma fure take yi, saɓanin al'ul, ba ta cikin danginta sam.

Idan allurar ba ta da gaɓa, bi ta zuwa gindinta. Ka ga dogaye ne ƙwarai, santimita 15 zuwa 25, an ɗaure su uku-uku a gindi da ɗan siririn ɓawo? Wannan Pinus caribaea ce, wadda aka kawo daga yankin Karibiyan ake shukawa a ƙasashe masu zafi saboda katako. Ita kam 'yar'uwar al'ul ce ta dangi, amma ɗaurin nan na uku-uku da tsawon allurar sun raba su.

Idan ganyen gajere ne, a ɗan lanƙwashe, ya lulluɓe ƙaramin reshen ta ko'ina har ba ka ganin itacen ciki, rassan kuma sun fito zagaye da gangar jiki a jere daidai wa daida, hawa bisa hawa, to Araucaria ce. Ita ce kake gani a harabar otal-otal, ita kuma ake yi wa ado da fitilu a watan Disamba. Daga tsibiran Norfolk da New Caledonia take, can cikin tekun Pasifik. A ganina ita ta fi ruɗa masu kallo daga nesa, saboda hawa-hawan rassanta na tuna wa mutum hoton tuta.

Sai wadda na fi zargin ana miƙa wa mutane da sunan sida. Idan babu allura ko ɗaya, sai ƙananan ɓawo kore da suka hau kan juna suka manne da reshe, reshen kuma a shimfiɗe yake, za ka iya danne shi tsakanin tafukan hannunka biyu ya kwanta lumui, to Thuja ce ko wata daga danginta, musamman Platycladus orientalis ta ƙasar Sin. Kwanson irinta ɗan ƙarami ne, bai wuce santimita 2 da rabi ba, da 'yan ƙahonni a lanƙwashe. Ruɗanin ba namu kaɗai ba ne. A Amurka ma sida suke kiran Thuja da Juniperus, alhali dukkansu dangi dabam ne da Cedrus.

To yaya ta gaskiyar take? Dubi tsohon ɓangaren reshen, wanda ya yi itace. Za ka ga wasu gajerun ƙullutai a jere a jikinsa, kowanne ɗauke da allurai 15 zuwa 45 da suka fito daga wuri ɗaya suka baje, kamar tuntun hular dara. Ba a ɗaure suke da ɓawo ba, daga kan ƙullutun kawai suka tsiro. Yanzu mai da idonka can ƙarshen reshen, inda sabon toho na bana yake. A nan allurai ɗaiɗai suke, a warwatse zagaye da tohon. Wannan tsari biyu a reshe ɗaya, tuntu a tsohon wuri da ɗaiɗai a sabo, shi ne babbar shaidar al'ul. Babu ko ɗaya daga cikin itatuwan da na lissafa a sama mai irinsa.

Ka ƙara da abu biyu. Murza allura ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni: za ta juya, za ka kuma ji kusurwoyinta, domin ba a shimfiɗe take ba. Sannan ka auna ta da tsinken ashana. Allurar al'ul yawanci daga santimita 1 zuwa 5 take. Idan ta ninka tsinken sau uku, ka koma kan Pinus.

Mataki na uku: ɗaga kai, sannan ka duba ƙasa

Al'ul ba ta fure. Irinta na cikin wani kwanso mai tauri, kuma yadda kwanson ke zama a reshe hujja ce mai ƙarfi. A tsaye yake bisa reshen, kansa na kallon sama, ba ya reto. Siffarsa ta ƙwai ce mai ƙiba, tsawonsa santimita 6 zuwa 12, jikinsa sumul domin ɓawonsa a matse yake gam. Yana fara da kore, ya koma ruwan ƙasa, sau da yawa da farin ƙaro na tsatsowa a jikinsa. Yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya nuna.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwanson al'ul ba ya faɗowa ɗungurungum. A can saman yake wargajewa, ɓawo na zubowa ɗaya bayan ɗaya tare da iri mai fiffike, har a bar wani ɗan tsinke a tsaye a kan reshen. Don haka ka duƙa ka duba gindin itacen. Idan ka tarar da faffaɗan ɓawo ɗaiɗai a warwatse, ka kuma hango tsinkayen nan a sama, alama ce mai kyau. Idan kuwa ka tsinci kwanso cikakke, ya buɗe baki a ƙasa, na Pinus ne. Idan ƙananan ƙwallaye ne masu kaushi da ba su wuce santimita 2 da rabi ba, na Casuarina ne.

A ƙasashen da take yi, daga Satumba zuwa Nuwamba takan fitar da wasu ƙananan kwansuna na namiji, masu laushi, tsawon yatsa, suna zubar da rawayar ƙura har ta rufe gilashin mota. Wanda ya turo hoto a wannan lokacin, ka ce ya duba ƙasa, zai gan su zube.

Rashin kwanso ba ya kore itace. Al'ul tana yin shekaru da dama, ta Labanon ma gomman shekaru, kafin ta fara haihuwa. A kan ƙaramar bishiya ganye kaɗai ne shaidarka.

Ga masu duba hoton Turai akwai tarko biyu. Bishiyar da ake kira Larix tana da tuntun allurai ita ma, amma nata masu laushi ne, suna yin rawaya su zube gaba ɗaya da shigowar sanyi, kwansonta kuma ƙanana ne da ke daɗewa a reshe. Wadda ake kira Abies kuma kwansonta a tsaye yake yana wargajewa a sama, sai dai allurarta ɗaiɗai ce a shimfiɗe, babu tuntu. Sai alamun biyu sun haɗu a itace ɗaya, tuntu mai tauri da ba ya zubewa da kuma kwanso a tsaye, sannan ka ce al'ul.

Mataki na huɗu: hanci, da batun sidar kafintoci

Ɓawon jikin al'ul toka-toka ne sumul tana ƙarama, ya yi duhu ya tsattsage idan ta manyanta. Wannan ba ya raba ta da wasu sosai, don haka ba na ba shi nauyi. Kada kuma ka sa wuƙa ka ɓare jikin itacen lambu don jin ƙamshi, raunin ƙofar ƙwari da ruɓa ne. Murza allura biyu ka sansana ya isa: ƙamshin ƙaro za ka ji.

Hanci ya fi amfani wajen gane sidar kafintoci. Katakon nan ja-ja, mara nauyi, mai ƙamshi, da za ka samu a kasuwar katako ta Accra ko a Sokoban ta Kumasi, na Cedrela odorata ne. Daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka aka kawo ta, an kuma dasa ta da yawa a gandayen dajin Ghana. Dangin maɗaci da dogon yaro ce, kuma ganyenta ma irin nasu ne: dogon sanda da ƙananan ganyaye masu faɗi a jere hagu da dama. Murje ɗanyen ganyen, warin tafarnuwa zai bugi hancinka. Ɗanta idan ya bushe yana tsagewa gida biyar ya saki iri mai fiffike. Da rani kuma takan kaɗe ganye, abin da al'ul ba ta yi. Itace ne mai daraja wajen ƙofa da kabad, tun da ƙwari ba sa son ƙamshinsa, amma yana kai mita 30, bai dace da ƙofar gida mai fili kaɗan ba.

Mataki na biyar: idan ta tabbata al'ul ce, wace ce a ciki?

Koma nesa ka dubi tsororuwa da bakin rassa. Idan kan bishiyar ya sunkuya, ƙarshen rassan ma suna zubowa ƙasa, allurai kuma dogaye ne, santimita 2 da rabi zuwa 5, masu ɗan laushi, ta Himalaya ce. Ita ce bishiyar ƙasa ta Pakistan, kuma ita ta fi sauran jure ɗumi.

Idan rassan sun ɗaga sama, allurai gajeru ne da ba su wuce santimita 2 da rabi ba, to ta Atlas ce. Wadda aka fi dasawa a lambunan Turai launinta shuɗi-shuɗi ne mai haske, tun daga nesa take fita dabam cikin korayen itatuwa. A gidanta na asali, dazuzzukan Azrou da Ifrane a Maroko, fari da sara da kiwo sun rage ta har aka sa ta cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Idan rassan a miƙe suke sambal, ba sama ba ƙasa, kan tsohuwar bishiyar ya baje, ganyen kore ne mai duhu, ta Labanon ce. Akwai wata da aka dasa a 1734 a lambun tsirrai na birnin Paris, tana nan har yau. Kurmin da ya fi shahara a Labanon yana kusa da garin Bsharri, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1998 tare da kwarin Qadisha. Ta Kubrus ita ce mai gajerun allurai a cikinsu duka, ba kasafai ake ganinta a lambu ba.

Gaskiyar magana, ƙananan ta Atlas da ta Labanon suna kama ƙwarai, har masana kan yi saɓani a kansu. Idan ka tsaya a "al'ul ce" ba ka yi laifi ba.

Idan saye za ka yi

Ɗauki ledar ka duba reshen ƙasa, wanda ya fi tsufa, ka nemi tuntu. Babu tuntu, babu al'ul, ko me aka rubuta a jikin ledar. Ka tambayi mai sayarwa cikin mutunci inda uwar itacen take, ko za ka iya zuwa ka gan ta. Mai rainon dashe na gaskiya zai nuna maka babbar da ya yanko ko ya tsinci iri a gindinta, kuma ganin babbar ya fi duk wani bayani, domin nan za ka san tsawon da za ta kai da yadda saiwarta za ta yi da katangarka.

Ni dai ba na ba kowa shawarar kashe kuɗi a kan al'ul ta gaskiya a Accra, ko da an shigo da ita daga waje. Itacen da ya saba da ƙanƙara wahala zai sha a zafin unguwar Madina ta Accra. Mai son kore mai tsini duk shekara, Araucaria na yi a nan idan akwai fili, Thuja kuma na zama a tukunya ko a jere gefen hanya. Ka saye su da sunansu da farashinsu.

Idan har yanzu akwai shakka

Ɗauki hoto huɗu: itacen gaba ɗaya, reshe kusa-kusa a kan farar takarda da tsinken ashana a gefe, kwanso ko abin da ya zuba a ƙasa, sai jikin itacen. Manhajojin waya irin su PlantNet da iNaturalist suna taimakawa, amma hoton nesa kaɗai yakan sa su ba da amsar da ba daidai ba, don haka hoton reshen za ka fara ba su. Haka za ka gaya wa ɗan'uwan da ke waje ya yi kafin ya sake turo tambaya.

Don horar da ido, ka hau mota daga Madina zuwa lambun Aburi, wanda aka buɗe a 1890, inda itatuwa da yawa ke da allon suna a jikinsu. Ka fara faɗin abin da kake zato, sannan ka karanta allon. Idan kuma kana son hukuncin masana, akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a Jami'ar Ghana da ke Legon, ga mutanen Kumasi kuma akwai cibiyar binciken gandun daji ta FORIG a Fumesua. Da izinin mai lambu ka yanki reshe mai tsawon tafin hannu, wanda ya haɗa tsohon wuri da sabon toho, ka rubuta wuri da ranar da ka yanko shi. Ka sa shi a ambulan ɗin takarda maimakon leda don kada ya yi gumi ya ruɓe, ka kuma kai shi cikin kwana biyu ko uku, domin reshen al'ul idan ya bushe allurai zubewa suke yi, tsarin tuntun da ake son gani ya lalace.